Hannun da Na Ɗaga a Masaƙa

Salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, 'yan'uwana na wannan 'yar zumunta tamu ta Alƙahira. Sunana Istifanus. Kun san ni da tsohon nan da ya zo aikin ido, wanda ya sauka wurin 'yarsa Rifkatu a unguwar Hay el-Sabi'. Amma ba a kan ido zan ba da shaida ba. Ciwon da ya fi cina shi ne zargi.

A masaƙa na ƙare ƙuruciyata, a Kaduna. A ɗakin saƙa ƙarar injuna ba ta bari a ji magana, da hannu muke zance. Ni ne wakilin ma'aikatan sashenmu, kuma dokarmu ita ce, in wakili ya ɗaga hannu kowa ya tsaya cak, ba tambaya. Da haka muke tsira da yatsunmu.

Da atamfar waje mai araha ta cika kasuwa, aka rufe masaƙar. Can daga baya gwamnati ta ce za ta koya wa waɗanda suka rasa aiki sana'a, ta ba su keken ɗinki ko kayan walda. Na ce ƙarya ne. Na ce so suke mu karɓi keke, gobe a ce an sallame mu, hakkinmu ya bi ruwa. Kuma me za mu ɗinka in ba zanen da ya kashe mu ba? Na ɗaga hannu, mutanena suka tsaya.

'Yan wani sashe suka je. Wasu sun samu, wasu an yi ta yi musu jeka-ka-dawo. Ni waɗanda ba su samu ba kawai nake kallo, don su ne hujjata. Mutanena kuwa, wasu suka koma gadi, wasu acaɓa, wasu suka mutu suna jiran in sauke hannu.

Zargin nan har Masar ya biyo ni. Mai gadin gidanmu ya kawo mini shayi, na ce me yake nema. Likita ya yi murmushi, na ce akwai abin da yake ɓoyewa. Rifkatu ta gaji, ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri Baba, kai ko ruwan Nilu aka miƙo maka sai ka tambayi wanda ya ɗebo."

Ana gobe za a yi mini aiki, sai ga waya daga Ladi, matar marigayi Bitrus, wanda injinsa ke kusa da nawa. Ta ce an sake buɗe tallafin, har 'ya'yan tsofaffin ma'aikata ake ɗauka, kuma an kusa rufewa. Ɗanta Ayuba ba aikin fari ba na baƙi, ya fara bin 'yan shaye-shaye.

Ta ce, "Baba Wakili, ya je ko kada ya je? Maigidana ya bar mana cewa kada mu taɓa kayan gwamnati sai ka ce."

Na ce, "Wa ya kawo labarin? Zaɓe ya matso ko?"

Ta ce, "Ni ban san zaɓe ba, Baba. Yaron nake gani yana lalacewa."

Na ce zan neme ta. Amma a raina na riga na ce a'a.

Washegari a wani asibiti a Giza aka kwantar da ni, aka rufe mini fuska da ƙyalle. Mutanen da ban sani ba, suna Larabcin da ba na ji, ga ƙarfe a kan idona, ba wanda zan ɗaga wa hannu. Na yi addu'a a zuci: "Ya Ubangiji, ban yarda da mutanen nan ba. In gaya maka gaskiya, kai ma ban tabbata na taɓa sakar maka raina ba. Na tsare bayinka a bakin rijiya har ƙishirwa ta kashe su. Ka gafarta mini." Ban ji wata murya ba. Ƙirjina dai ya saki, kamar an kashe injin da ya daɗe yana ruri.

Da aka fito da ni, ido a ɗaure, na sa Rifkatu ta kira Ladi.

Na ce, "Ya je. Amma ya tafi da kawunsa, kuma kada ya ba kowa na goro. Ki gaya wa sauran, daga yau kada wanda ya ƙara jiran bakina."

Ladi ta ce, "Da ma tun Bitrus na da rai ka faɗi haka."

Na miƙa wa Rifkatu wayar.

An ɗauki Ayuba, yana koyon walda. Kayan aikin da aka yi alkawari ba su iso ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a gaban Allah ba, ban gama yarda za su iso ba. Amma yaron yana sammako ya tafi, uwarsa ta ce ya dawo cin tuwo a gida. Godiya ta tabbata ga Yesu!

'Yan'uwa, ku bincika abin da mutum ya miƙo muku, amma ku dogara ga Ubangiji. Kada tsoronku ya tare wa ɗan wani hanya. Amin.