Ranar da Na Ce Akwai Gajiya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana na Zumuntar Mata. Ni ce Saratu, Maman Ladi, wadda kuka daina gani a bencin gaba bara.

Kun san an cire mini mama ɗaya saboda ciwon daji, aka ce in riƙa zuwa Kano daga nan Haɗeja ana sa mini kemo, maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Zubewar gashi ba ta dame ni ba, ɗankwali ya rufa asiri. Gajiyar ce ta tsorata ni.

Ba irin gajiyar surfe ba ce, wadda barci ke wankewa. In kwana in tashi kamar an ɗora mini buhun shinkafa a ƙirji. Buta ma sai da hannu biyu. Haka innata ta yi kafin ta rasu, ƙarfinta ya yi ta zurarewa muna kallo. Na ce a raina, Saratu, taki ta zo, maganin nan ne zai ƙarasa ki.

To wa zan gaya wa? An ce "Ina gajiya?" sai ka ce "Ba gajiya." Haka aka rene mu. Likita ya ce "Yaya jiki?" na ce "Da sauƙi." Maigidana ya dawo daga fadama wajen Auyo, laka har gwiwa, ni da na wuni kwance in ce masa na gaji? Sai na ƙudura a ɓoye ba zan koma Kano ba. Gara in mutu a ɗakina.

Ana jibi ranar komawata asibiti na ɗora shinkafa, na sunkuya in gyara itace, ƙafafuna suka ƙi. Na zube gefen murhu. Ina jin ƙauri, ina kallon tukunya, hannu ya ƙi ɗaguwa. Wayyo, tsoro! Na ce, "Yesu, ko ƙarfin addu'ar ba ni da shi. Kada Ladi ta dawo daga makaranta ta same ni haka. Ka aiko wani."

Sai ga sallama. Yagana ce, maƙwabciyata mai bandar kifi, ƙauri ya kai mata ta katanga.

"Maman Ladi, unguwar za ki toya mana?" Ta sauke tukunya, ta durƙusa kusa da ni. "Sannu. Ina gajiya?"

Na buɗe baki in ce babu, sai kuka. "Akwai ta, Yagana. Mutuwa nake yi."

"Rufe mana baki, ran a hannunki yake?" Ta ja ƙasan idona. "Fari fat kamar cikin tarwaɗa! Likita ya sani?"

"Na ce masa da sauƙi."

"Surukinki ne da za ki tsaya gaishe shi? Gaya masa ake yi!"

Da maigidana ya ji, cewa ya yi, "Saratu, har da ni kike jin kunya?" Shi ya tallafe ni zuwa mota. A Kano aka auna, ashe jinina ya yi ƙasa sosai. Aka yi mini ƙarin jini, likita ya ce gajiyar nan takan zo da kemo, ba sallamar mutuwa ba ce. Halleluya! Na ƙarasa maganina kaf.

Har yanzu nakan zauna in huta tsakanin ɗaki da madafa, amma tsoron ya tafi. Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar da ko fita bakina ba ta yi sosai ba. 'Yar'uwa, ki dogara gare shi. In kuma na tare ki a bakin coci na ce "Ina gajiya?", don Allah ki gaya mini gaskiya. Amin.