Watan da Na Gani a Kan Dutsen Malesiya

Babur ɗina na sayar, Inna ta ƙara mini da kuɗin tumakinta, da su na hau jirgi zuwa Kuala Lumpur. Sadiya, daina dariya, ni ma wata guda na yi ina cewa Kwala Lamfur kafin harshena ya miƙe. Da sunan karatu na tafi, amma ban daɗe ba na tsinci kaina ina wanke kwanuka a wani kedai, wato shagon abinci, a unguwar Setapak. Mu biyu ne Hausawa a wurin, ni da Habu ɗan unguwarmu, wanda tun muna yara sai ya sa tabarau yake gane mai gaishe shi.

Kun san a gidan nan ganin wata gado ne. Kakanku ke hawa soro ranar ashirin da tara, in ya ce ya gani, dagaci ba ya ƙara tambayar kowa. Ni ma sau biyu ina riga manya gani, har ake ce mini Sale mai ido. Da wannan sunan na tafi, ina ji da shi.

Mai shagon namu, Inci Rahim, mafaɗaci ne. Kofi ɗaya ya fashe sai ka ji, "Sale, hannunka na sabulu ne, lah?" Kowace magana sai ya liƙa mata lah a gindi. Amma duk ƙarshen mako yakan rufe baki ya tafi wani dutse mai nisa, tafiyar awa uku a mota, inda aka gina ɗakin kallon taurari. Ba sai kana da digiri ba, tela ma in yana so zai je ya sa ido a na'urarsu.

To Habu, sarkin tambaya, yana goge tebur yana tambayarsa taurari, har mutumin ya fara tafiya da shi. Ya dawo yana ba ni labarin wata tauraruwa mai zobe. Na ce, "Kai da ba ka ganin lambar bas, kai ne ka ga zobe a sama?" Dariya kawai ya yi. Ni kuwa wallahi ranar ko makan, wato cin abinci, ban iya ba.

Ana gab da azumi Inci Rahim ya ce masu ɗakin kallon taurarin na neman mutum ɗaya mai nuna wa baƙi sama, da ɗakin kwana da albashi, a bar wankin kwano. "Ku zo ku biyu ranar duban wata, su gan ku. Boleh?" Na ce boleh, wato zai yiwu, har sau biyu. A zuciyata na ce aikin nan nawa ne, abin gidanmu ne.

Muka isa da la'asar. Sanyi kamar ya cire kunne, gajimare a ƙasan ƙafarmu. Mutane sun kai talatin, har da wata tsohuwa 'yar China da jikarta. Aka ce in leƙa na'ura, na ƙi. Na ce mu a garinmu da ido ake gani. Habu kuwa ya duƙa yana juya musu ita, suna kiran sunansa, Habu nan, Habu can. Kowane kira sai in ji kamar an ɗana mini garwashi.

Rana ta faɗi, na zuba ido yamma. Ban ga komai ba, yara, ban ga komai ba. Amma na waiwaya na ga shugaban wurin ya dafa kafaɗar Habu, sai kawai na ji bakina ya yi kabbara. Na miƙa hannu na ce, "Ga shi can! Na gani!"

Tsohuwar nan ce ta matso a hankali ta ce, "Ɗana, yau watan ya riga rana faɗuwa. Duk mun sani. Mun zo gwada na'ura ne don gobe." Ashe Habu ya faɗa mini haka a mota, ina can ina cika ina batsewa, ban saurare shi ba.

Inci Rahim ya buɗe baki zai fara, Habu ya riga shi. Ya ce, "Bakin gajimare ne, ni ma ya ruɗe ni ɗazu." Ƙarya ya yi domina, a gabana, ya kuma san na sani.

Shi aka ɗauka. Ni na ƙara shekara guda a bakin famfo na tattaro na dawo, da akwati ɗaya da tarin da sanyin dutsen ya bar mini. Habu yana can har yau, yana zuwa gida duk bayan shekara biyu, ya zauna nan inda kike zaune, Sadiya, ya gaishe ni da Sale mai ido, ba kuma da gatse ba. Shekara tara ke nan ina jiran ya faɗa wa wani, ko mutum ɗaya, don in samu dalilin ƙinsa. Bai faɗa ba. Ku ne na farko da kuka ji, kuma daga bakina.