Kibiyar da Ke Bangon Sabon Shago

A tashar motar Kourou, garin da ake harba kumbo, wata mai fenti tana kan tsani tana ƙarasa zane a bangon sabon shago: kumbo ya doshi duniyar wata, ga kibiya tana nuna hanyarsa. Wani tsoho mai jiran mota ya ɗaga kai.

"'Yata, kibiyar nan taki a juye take."

"Baba, gobe za a buɗe shagon. Injiniya ne kai?"

"Kuku ne. Shekara talatin ina dafa wa injiniyoyin tashar harba kumbo. A ƙyallen tebur suke zana abin nan, ni nake wankewa."

"To, me ƙyallen ya koya maka?"

"Kumbo mai mutane ta gaban wata yake shiga, ta inda watan ya nufa. In inji ya ƙi tashi, watan ne zai juyo da shi gida. Naki ta baya ya bi. Cilla shi zai yi, sai labari."

"Wa zai lura?"

"A Kourou? Har mai kifi. Me za a sayar a ciki?"

Ta sake tsoma buroshi a fenti.

"Tikitin jirgi. Zuwa da dawowa. Riƙe min tsanin nan, Baba."

Motarsa ta zo ta wuce yana riƙe da tsani.