Yatsan Malam Hamidu

A layin ganin likita a Maraɗi, Malam Hamidu, wanda hannunsa na dama ya shanye tun bara, ya leƙa wayar wani ɗan kabu-kabu.

"Samari, wannan ba wasan faɗan titi ba ne na zamaninmu? Dala biyar muke bugawa a unguwar Zariya."

"Shi ne, Baba, sabunta shi aka yi. Kuɗin wata nake biya. Gwada."

"Da wane hannu? Ko loma bai kai mani baki."

"Babban yatsa kaɗai ake so. Danna nan."

Dattijo ya ɗaure fuska, ya danna da yatsan da ya fidda wa rai. Ƙaton cikin wayar ya kife.

"Ni na kada shi?"

"Wallahi kai ne."

Aka kira sunan Malam Hamidu.

Ya ce, "A bar na bayana ya shiga. Ga wani ƙaton nan tafe."