'Yar Fuskar da Na Latsa

Mai girma shugaban taro, mai girma Jakada, shugabannin 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu mazauna wannan ƙasa, masu masaukinmu, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama, ni jami'in yaɗa labaran ofishin jakadanci, in yi magana a ranar da muke karrama tafintarmu, Hajiya.

Zan fara da laifina. Ranar da gadar kasuwa ta rufta da mutanen ƙasar nan, ni na rubuta ta'aziyya a shafin ofishinmu na intanet. Kalamai sun tsaru, har ina yaba wa kaina. Sai na ƙara 'yar fuskar nan ta cikin waya mai hawaye, ban sa tabarau ba. Ashe hawayen dariya ne! Kafin azahar hoton ya zaga ko'ina, ana cewa baƙi na yi wa mamata dariya. 'Yan kasuwarmu suka rufe shaguna, ɗalibanmu suka kasa shiga aji.

Na biyu, abin da Hajiya ta yi. Na kai hannu zan goge, ta ce, "Malam, kar ka soma. Sun riga sun ɗauka. Zauna su ga taka fuskar." Ta jingina waya da tulin fayil, na ba da haƙuri a bidiyo, tana fassarawa. Sannan ta kwashe kwana uku tana amsa masu zaginmu, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.

Na yi shekaru ina karanta cewa a wannan zamani ba gwamnati kaɗai jakada ke yi wa magana ba, har da mai wayar da ke tsaye a layin mota, kuma shi ma yana mayar da martani. A littafi na karanta, a teburin Hajiya na gane. Ina alfahari da ita, ina alfahari da ofishin da bai ɓuya ba!

A rana ta huɗu wata mata da ta rasa mijinta ta rubuto: "Na ga idonka. Ku zo gaisuwa." Muka je, ta shimfiɗa mana tabarma. Washegari maƙwabta da kansu suka taya mutanenmu buɗe shaguna.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa Hajiya da alheri, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.