Pak Tunru Da Sirrin Majinyatan Tsibirai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Shugaban Jami'a, Shugaban Tsangayarmu, wakilan ma'aikatan lafiya, Malam Liman da ya buɗe mana taro da addu'a. Uwarmu Ibu Nurhaedah, uwargidan marigayi, da 'ya'yansa, ƙannena Tenri da Ilham. Malamai, ɗalibai, da baƙin da suka ƙetaro teku domin wannan zama: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Rosmiati. An ɗora mini nauyin yin magana a madadin waɗanda marigayi Farfesa Mappatunru ya koyar, mutumin da mu a nan Makassar ba mu san shi da wani suna ba sai Pak Tunru.

Ya kasance malami mai saurin tafiya da jinkirin yanke hukunci. Ya kasance masanin ilimin ɓoye bayanai wanda ake gayyata ƙasashe, amma idan ya dawo, kafin ya isa gida sai ya tsaya ya sha romon naman nan, coto, a rumfar da ke bayan tsangaya. Ya kasance mutumin da ya ƙirƙiro makullan da masu kutse suka kasa buɗewa, amma Ibu shaida ce, makullin babur ɗinsa kullum sai an taya shi nema.

Da yawanmu ba mu san abin da ya kai shi ga wannan aiki ba sai daga baya. Yana da 'yar kawu a tsibirinsu, mai sana'ar busar da kifi. Ta je ɗakin shan magani aka yi mata gwaji, aka shigar da sakamakon a kwamfuta. Kalmar sirrin kwamfutar kuwa kowa ya san ta, har mai shara. Kafin ta isa gida labarin ciwonta ya riga ta. Aka daina sayen kifinta. Dangin miji suka tattara mata kayanta. Ciwon yana da magani, amma kunya ta hana ta komawa karɓa, har ta rasu.

Pak Tunru ya taɓa ce mana a aji, "Ku kuna ganin lissafi a allo. Ni ina ganin wata mata ce a bakin teku da kwandon kifi, babu mai tsayawa."

Shekaru ya yi yana gina tsarin da zai hana a sake irin wannan. Kowane majinyaci da katinsa, kowace ungozoma da nata. Bayanin mutum ba ya buɗuwa sai katunan biyu sun haɗu, kuma tsarin yana aiki ko babu intanet, domin ya san tsibiranmu. Aka gwada, aka yaba, aka sa ranar ƙaddamarwa. Wani kamfani ya buga katunan. Har rumfuna an yi hayarsu.

A lokacin ina ɗalibarsa, ina rubuta kundin digirina na uku a kan tsarin nan. Ina cikin bin lissafinsa sai na ci karo da rami. Duk wanda ya naɗi gaisuwar da kati ke yi wa na'ura, wato saƙon farko da yake aika mata, zai iya maimaita ta a wani ɗakin shan magani da agogonsa ya yi baya, ƙofa ta buɗe masa ba tare da kati ba. Na sake bi, na sake bi, ina roƙon Allah Ya sa ni ce na yi kuskure. Ƙawata ta ce, "Ros, ki yi shiru ki karɓi digirinki. Wa ya aike ki? Kaza ba ta tone-tone a ƙofar mahauci."

Na kasa yin shiru. Na same shi a ofis da safe, na miƙa masa lissafin. Ya karanta a tsaye. Ya zauna ya sake karantawa. Ya cire tabarau.

Can ya ce, "Wa kika nuna wa?"

Na ce, "Babu kowa, Pak. Ƙawata kaɗai na yi wa zancen."

Ya ce, "Kin karya kumallo?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Tashi mu je. Yarinya ta rushe mini aikin shekaru da cikinta babu komai, ina ga ta ƙoshi?"

A rumfar coto ya ce da mai rumfar, "Daeng, ƙara mata nama. Yau ta kayar da ni ƙasa warwas." Ni ina kuka, shi yana matsa mini lemun tsami a kwano.

Washegari wakilin kamfanin ya zo, kuma a gabana aka yi. Ya ce, "Haba Farfesa, wane masunci ne zai yi wannan kutsen? Mu ƙaddamar, mu gyara a hankali, babu wanda zai sani."

Pak Tunru ya ce, "Ai ni na sani."

Mutumin ya ce, "Sunanka fa zai zube."

Ya ce, "Gara nawa ya zube. Ni ina da inda zan ɓuya, ina da ofis mai ƙofa. Matar da ke tsibiri ina za ta shiga?"

Ya dakatar da ƙaddamarwar. Kamfanin ya janye. An yi masa dariya a gari, wasu a cikin wannan zauren sun tuna. Sannan ya je taron masana ya tsaya gaban takwarorinsa ya bayyana ramin da kansa, a maƙalar da ya sa sunana a gaba, nasa a baya. Da na yi ƙorafi ya ce, "Wanda ya gano ɓarakar jirgi tun yana bakin gaɓa ya fi wanda ya sassaƙa shi amfani ga fasinja."

Ibu Nurhaedah, ke kika san nauyin shekarun da suka biyo baya. Ke kika ga ya rame. Ke kika riƙa aiko mana da ayaba gasasshiya ɗakin bincike, kina cewa, "Ku ci, ku tilasta wa malaminku ya ci." Muna gode miki. Abin da duniya ta samu a wurinsa, da haƙurinki aka biya.

Tenri, Ilham, na san akwai ranakun sallah da kuka jira shi yana can cikin kwale-kwale, yana kai na'urori wani tsibiri. Ba mu da abin da za mu mayar muku da su. Amma ku sani, kuna da yayye a jami'o'i da asibitoci da bankuna, kuma duk wanda kuka ƙwanƙwasa wa ƙofa a cikinmu zai buɗe.

An gyara tsarin. An ba masana na gida da na waje su gwada ƙarfinsu a kansa, ya tsaya. Yau yana aiki a tsibiran da ko wutar lantarki sai an yi rabo. Ɗalibansa na ƙarshe suna nan a sahun baya, suna ci gaba da binciken da ya bari, na makullan da za su jure wa kwamfutocin gobe. Aikin bai tsaya ba, kuma ba zai tsaya ba da yardar Allah.

Da safen nan a bakin ƙofa wata ungozoma, Ibu Saenab, ta riƙe mini hannu. Tun jiya ta baro tsibirinsu. Na ce, "Ibu, kin san shi ne?" Ta ce, "Sau ɗaya na gan shi, na ɗauka mai gyaran waya ne, har na ba shi rediyona ya duba." Sannan ta ce, "Ki gaya wa iyalinsa, yanzu mata da rana tsaka suke zuwa gwaji, ba sa rufe fuska. Har maza sun fara zuwa."

Ibu Saenab, na isar da saƙonki.

Muna godiya ga jami'a da ta shirya wannan zama, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo.

Ya Allah, bawanKa Mappatunru ya ƙare rayuwarsa yana rufa asirin mutanen da bai san ko fuskokinsu ba. Ka rufa masa asiri a kabarinsa, Ka rufa masa asiri ranar da babu makullin da zai ɓoye komai. Ka gafarta masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka ba Ibu da yara haƙuri, Ka sa mu riƙe amanar da ya bar mana. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.