Igiyar da Ba Ta da Nauyi

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugaban makaranta, malamin fiziks, malamar lissafi da sauran malamai, iyaye 'yan'uwana maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da aka ba ni dama. Ku yi haƙuri da karatuna, da girmana na koyi baƙi a ajin manya, kuma da hannuna na rubuta wannan.

Da na shigo an tambaye ni mutanen gida, na ce lafiya. Bari in gyara amsar. Ƙananan yara lafiya lau. Surukata lafiya, sai ciwon gwiwa. Maigida magini ne, yana kwance da ciwon baya tun da ya faɗo daga kan gini. Wadda ta fi damuna kuwa babu zazzaɓi a jikinta. Ita ce 'yata ta fari, sabuwar ɗalibarku a ajin kimiyya, wadda muke kira Injiniya tun tana ƙarama. Ba ta cin abinci, ba ta dariya, ba ta kula ƙannenta.

Magana ta farko, fiziks. An ba ta aikin gida: bokiti biyu rataye da igiya a kan ƙaramin wili, a faɗi yadda mai nauyin zai sauka. Ta zauna a tsakar gida tana rubutawa tana gogewa har takardar ta huje. Mahaifinta ya hango ta daga ɗaki, ya ce, "Kawo nan, Injiniya, wannan ai sana'ata ce." Ta karanta masa, ta zo inda aka ce a ɗauka igiyar ba ta da nauyi. Ya ce, "Igiyar da ba ta da nauyi? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa jan bokitin siminti ba." Ya sa aka ɗauko igiyar aikinsa, aka kai wa mai shago ya auna, aka rataya bokitan wankina a reshen bishiya, muka yi ta saki muna kallo. Ta sa nauyin igiya a lissafinta, ta tafi makaranta da murna. Aka dawo mata da takardar da jan biro, sifili, babu ko kalma ɗaya ta bayani. Mun taru mun taimake ta, ashe tura ta muka yi cikin rami.

Magana ta biyu, wannan lissafin da kuke kira kalkulas. Na ce ta faɗa mini abin da ya tsaya mata. Ta ce wai lamba ce take ta matsowa kusa da wata, tana matsowa, tana matsowa. Na ce, "To, ta isa ko ba ta isa ba?" Ta ce, "Mama, abin da na kasa ganewa ke nan, kuma kowa a aji yana gyaɗa kai." Na buɗe littafin. Haruffan duk na san su, amma na kasa haɗa ko kalma ɗaya. Na koyi karatu ne don kada 'ya'yana su kawo mini takarda in kau da kai, ga shi na kau da kai.

Yanzu mahaifinta ya ce makarantar da ke koyar da igiya marar nauyi ɓata lokaci ce. Gwaggonta mai ɗinki za ta zo ranar Asabar ta tafi da ita shago. Ban raina ɗinki ba, amma yarinyar ba zaɓensa ta yi ba, gajiya ta yi. Jiya ta ce da ni, "Mama, don Allah ku daina kirana Injiniya, kunya nake ji."

Magana ta uku, roƙo. Ba na roƙon a ƙara mata maki, ba na roƙon a sauƙaƙa mata jarrabawa. Ina roƙon malami ɗaya ya zauna da ita, da duk mai gyaɗa kai bai gane ba, ya faɗa musu dalilin da ya sa ake cire nauyin igiya, da hujjar da za ta iya kai wa mahaifinta. In kuma kun ga ba za ta iya ba, ku faɗa mini ƙiri-ƙiri, zan jure. Amma ku ba ni amsa kafin Asabar, don bayan Asabar kujerarta za ku gani, ba ita ba. Kafin nan, ni dai Injiniya zan ci gaba da kiranta, ko ba ta amsa ba.

Allah ya saka wa malamai da alheri, ya buɗe wa 'ya'yanmu basira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.